Kusurwa ta Huɗu a Makarar Bello

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanya aka buga mini waya: Bello mai walda ya rasu. Mota ta kaɗe mashin ɗinsa a hanyar Kalgo, ya je sayo ƙarfe.

Na ce wane Bello? Alhali na sani.

Shi ya ƙera bencinan Islamiyyarmu ta mata a nan Gwandu. Ba ya ɗora ƙarfe kan ƙarfe ya manna. Kowane baki sai ya yanke shi a karkace, biyun su haɗu a kusurwa kamar an ɗinke, ya goge har hijabi ba ya kamawa. In na tsaya kusa yana aiki, sai ya ce, "Malama, kau da ido, karatu na jiranki."

Mu matan makaranta muka sa shi ya ƙera wa masallacin unguwa makara, sadaka ga iyayenmu. Ranar Lahadi na leƙa shagonsa, an ɗauke wuta, yana zaune kusa da ita. Ya nuna mini kusurwar wajen kai, ta dama.

"Ukun nan na gama. Wagga ɗigon walda biyu kawai na yi mata, ta tsaya. Kar a aza kowa bisa sai na dawo."

Na ce Allah Ya sa ta daɗe ba a nema ba. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ta jira, Malama."

Yanzu nake jin wai jiya, ba ya shago, mazan unguwa sun gan ta tsaye, sun ɗauka an gama, sun shafa mata fenti sun kai masallaci. Fenti ya rufe wurin. Kuma an ce da ita za a ɗauke shi bayan azahar, don girmama aikinsa.

Ban san ko ya gaya wa wani ba. Ni dai ya gaya mini. Na kira maigidana, yana maƙabarta, wayar ba ta shiga.

Don Allah, duk namijin da ya karanta wannan, ya je wurin liman da ƙafarsa. Tsohuwar makara ta katako tana bayan masallaci. A ɗauke shi da ita.

Allah Ya jiƙan Bello, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ku sa shi a addu'a, amma ku fara kai saƙon.