Tulun Sujada da Gwiwar Yarinyar Nan

Edita, ni yarinya ce marar surutu. A makarantarmu ta kwana da ke Birnin Kudu, har na kai aji biyar akwai malaman da ba su san muryata ba. Kallo ne aikina: na san wadda ke ɗaure silifa da waya, na san wadda ke kuka a bayan famfo. Mu Kiristoci ba mu cika aji guda ba, a wani aji muke sujada ranar Lahadi, mu mayar da bencina kafin Litinin. Da aka zo zaɓen shugabar zumuntarmu ta ɗalibai Kiristoci sai aka ce ni, wai don ina da natsuwa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada a raina ni, kuma shugabancin da na taɓa gani kawai shi ne na siniyoyi masu tiyo a hannu.

Muna da wani tulu na ƙasa da muke bugawa lokacin waƙa. Ɗaliban da suka riga mu ne suka bar shi, kuma al'adarmu 'yar aji ɗaya ce ke ɗauko shi. Ranar Asabar kafin bikin Ista, wata ƙaramar yarinya 'yar Gwaram ta ɗauko shi, igiyar silifarta ta tsinke, ta faɗi, tulun ya tarwatse. Sai wata 'yar ajinmu ta yi dariya, ta ce yau za a ga ko shugaba ce aka zaɓa ko kuwa kurma. Wannan dariyar ce ta hau mini kai. Na karɓi tiyo, na zuba wa yarinyar a baya, a wuya, har a kunne. Tana cewa Siniya ki yi haƙuri, ina ƙara mata. Na tara gutsattsarin tulun da ƙafata, na ce ta durƙusa a kai, na danna kafaɗarta da hannuna biyu. Na ji ƙarar abin yana shiga nama. Na ga jini ya bi ƙaurinta ya jiƙa farar safarta, amma ban ce ta tashi ba sai da aka kaɗa ƙararrawar abinci.

Ta ɓoye ciwon don tsorona. Bayan kwana huɗu gwiwar dama ta kumbura tana ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Malamar da ke kula da zumuntarmu ta tara mu. Na tabbata bulala zan sha a gaban kowa. Sai ta kawo roba da ruwan ɗumi, ta naɗe zaninta, ta durƙusa a gaban yarinyar tana wanke ciwon, ta ce ni in riƙe robar. Can ta zaro wani ɗan guntun tulu ja daga cikin naman, ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce Yesu da ya fi kowa girma durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma shugaban da bai san ciwon ƙaramin cikinsu ba tumaki yake kora, ba kiwo ba. Ta tambaye ni tun da aka zaɓe ni ko bokitin wa na taɓa ɗauka.

An kai yarinyar asibiti, an cire ni daga shugabanci, kuma iyayenta suka mayar da ita makarantar jeka-ka-dawo. Da hutu mahaifina ya kai ni gidansu a Gwaram neman gafara. Mahaifiyarta ta ba mu ruwa. Yarinyar ta fito tana ɗingishi, ta ce sannu da zuwa Siniya, ta yi niyyar durƙusawa ta gaishe ni, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ni ce na zube a ƙasa.

Guntun tulun yana cikin akwatina har yau. Na koyi cewa shugabanci a wurin mai bin Almasihu hidima ce da tawali'u da riƙe fushi. 'Yan'uwana ɗalibai, in an ɗora ku a kan wasu, kada dariyar kowa ta sa ku ɗauki tiyo. Na fi kowa sanin silifar yarinyar nan da waya take ɗaure, gyara mata ita kawai ya kamata in yi.