Ranar da Ishaya ya kira ni

Ban taɓa mantawa da ranar da Hadiza ta haihu a hannuna ba, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Ubangijina. Kun tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina karɓar haihuwa. To, shi ne wannan. Ban saba ba da labarin ba, amma tunda ku masu koyon aikin ungozoma ku ne za ku gaje mu, gara ku ji daga bakina.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti na ƙauye a yankin Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo. Mu kaɗan ne. Akwai Malam Sani, shi ne incaj, wato jami'in lafiyar da ke shugabantar wurin. Sai mai ba da magani, da mai shara, da maigadi, sai ni Rifkatu, ni kaɗai ce ungozoma. Ga wanda bai san tsarin ba, asibiti irin namu awon ciki yake yi, da rigakafi, da karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi. Ba mu da likita, ba ma ƙarin jini, ba ma tiyata. In abu ya fi ƙarfinmu, sai mu tura babban asibiti a Gwarzo.

Gidana ma a Gwarzo yake, kullum ina zuwa ina komawa. Mu Kirista ba mu da yawa a unguwarmu, kowa ya san tukunyar kowa. Mijina ya daɗe da rasuwa, ya bar ni da ɗa guda, Ishaya, wanda aka haifa da ciwon sikila. Ya gama sakandare ya kama ɗinki, har shi ke ɗinka wa matan zumuntar majami'armu rigunansu. Tun yana ƙarami matan nan suka taya ni renonsa. In ciwon ya tashi ina wurin aiki, Mama Asabe, shugabar zumunta kuma maƙwabciyata, ita ke dafa ruwan ɗumi ta gasa masa gaɓoɓi.

Ranar da nake ba ku labari cikin damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Da safe Ishaya ya ce ƙafafunsa na ɗan sara masa. Na ba shi maganinsa, na tsaya ina jan ƙafa a bakin ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Mama, je ki abinki. Kin san halin abokin nawa, gaisuwa ya zo yi, yanzu zai wuce." Haka yake kiran ciwon, abokinsa. Na leƙa na gaya wa Mama Asabe, na kama hanya.

Da hantsi aka kawo Hadiza, matar Malam Idi mai koyarwa a Islamiyyar garin. Ta sha haihuwa a baya, kuma ni na yi mata awo, ban ga abin tsoro ba. Bayan azahar ta sauka lafiya, ɗiya mace. Mabiyiya ta fito. Ina cikin goge jaririya sai na ji ɗigar wani abu a ƙasa. Na waiwaya, jini ne yake bin ƙafar gado.

Ku da kuka karanta kun san abin da ake yi. Mahaifa ce ta ƙi tsukewa, dole a murza ta da hannu ta saman ciki, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ɗaura ƙarin ruwa. Duk na yi. Jinin ya ɗan lafa, ya sake ɓallewa. Abin da ya rage shi ne in danne mahaifar da hannuwana biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, kada in saki har sai mun kai ta inda za a ƙara mata jini. Na ƙwala wa Malam Sani kira ya nemo mota.

A daidai nan wayata ta fara ƙara a aljihun rigata. Ta yi ƙara ta tsinke, ta sake. Hannuwana duka suna cikin jini. Na ce wa Malam Sani ya ciro ya duba mini. Ya duba ya ce, "Ishaya ne." Na ce ya bari, zan kira shi. Can sai wani kiran ya shigo, ya ce, "Wannan Mama Asabe ce," ya ɗauka ya fita waje. Da ya dawo ya mayar mini da wayar aljihu, na ga fuskarsa ta sauya.

"Sista, jikin yaron ya tsananta. Ƙirji ne yanzu, numfashi yana yi masa wuya. Sun tafi da shi babban asibiti."

Na san ma'anar ciwon nan in ya hau ƙirji.

Ya ce, "Ki nuna mini yadda ake riƙewa, ki hau babur ki yi gaba. Allah zai taimake ni."

Har yau ina ganin girman Malam Sani saboda wannan magana. Amma na san bai taɓa yi ba, kuma na san in hannu ya kuskure ko kaɗan, ba za ta kai Gwarzo da rai ba. Hadiza ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Inna Rifkatu, kada ki bar ni." Na ce mata, "Ina nan." Na ce a zuciyata, Ya Yesu, ga nawa can a hannunka, ni ga wannan a nawa hannun.

Samun motar ya ɗauki lokaci, don ruwa ya ɓata hanyar ƙauyen. Da ta zo aka shimfiɗa Hadiza a kujerar baya, na durƙusa a gabanta ban saki ba. Malam Idi yana gaba yana ta karanto addu'o'insa, ni ina baya ina tawa a ɓoye. Wayar ta sake ƙara a hanya. Ban iya taɓa ta ba.

Mun isa da la'asar. Na miƙa Hadiza ga likita a ɗakin haihuwa, na yi masa bayanin abin da na ba ta, kamar yadda doka ta ce, sannan na wanke hannu na ruga ɓangaren maza. Tun daga nesa na hango matan zumunta zaune a kan baranda, suna rera waƙa a hankali. Ba wanda ya gaya mini komai. Na san waƙar da muke yi wa mai jinya, na kuma san wadda muke yi in an gama. Mama Asabe ta taso ta rungume ni da rigata mai jini, ta ce, "Rifkatu, ya huta."

Na tambaye ta me ya so ya gaya mini da ya yi ta kira. Ta ce bai faɗa ba. Ya dai riƙe wayar a kunnensa, in ta tsinke ya sake dannawa, har ƙarfinsa ya kasa. Da ta ce masa ina kan karɓar haihuwa, sai ya gyaɗa kai. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma shi zan sani har abada.

Daga baya na ji cewa mazan majami'armu da fasto ya tara don su ba Ishaya jini ba su watse ba. Da suka ga Malam Idi yana zagaye yana neman wanda zai ba matarsa, sai suka bi shi ɗakin gwaji, aka ɗebi na waɗanda nasu ya dace. Hadiza ta rayu.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan jana'iza na kasa addu'a. In na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Ina ta tambaya, na tsaya a kan aikin da ka ba ni, me ya sa ba ka jinkirta masa ba ko da zuwa isowata? Na daina zuwa sujada. Matan zumunta ba su yi mini wa'azi ba. Sai suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau wannan ta zo ta share tsakar gida, gobe waccan ta kawo tuwo ta zauna har in ci. Wata rana na ce wa Mama Asabe, "Mama, ni fa addu'a ta ƙare mini." Ta ce, "To zauna. Lokacin da maigidana ya rasu, wa ya yi mini tawa? Ba ke ba ce? Ki bar mu mu yi, har taki ta dawo." Haka suka riƙa zuwa suna yi, ni ina zaune kamar dutse. Sai da aka yi girbi kafin wata ranar Lahadi na ji ƙafafuna sun kai ni majami'a da kansu. Na zauna a baya, aka fara waƙa, na yi kukan da ban yi ba ranar binnewa.

Malam Idi ya zo ta'aziyya tare da dattawan garinsu. Ya zauna a kan tabarma. Sannan ya ce, "Sista, a motar nan ina jin wayarki tana ƙara. Ban san abin da take ɗauke da shi ba. Allah ya ba ki haƙuri."

Na koma aiki, na yi shekaru ina karɓar 'ya'yan mutane har na yi ritaya. Mutane kan tambaye ni, da za a maimaita ranar, zan saki Hadiza? Ba zan sake ta ba. Amma sanin haka bai taɓa rage mini zafin ba. Na yi abin da ya dace, kuma ina da-na-sani, duka biyun suna zaune tare a ƙirjina.

Abin da zan ce muku shi ne, aikin nan namu wata rana zai nemi abin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba, kuma ba zai yi muku sallama kafin ya zo ba. Ba ilimin makaranta ne zai tashe ku a ranar ba. Ku riƙe Allahnku, ku riƙe jama'arku tun kuna da lafiya, ku je wa mutane a ranarsu. Mu da muke riƙe wasu, mu ma sai an riƙe mu. Ni da ba a riƙe ni ba, da ban sake shiga ɗakin haihuwa ba.