Hular Lili

Kun sha tambayata labarin hular ulun da ke rataye kusa da madubin shagonmu. Har yau ban manta da ranar da Rifkatu ta shigo shagon nan na unguwar Xiaobei ba don a yi mata kitso ba. Ita ce shugabar mata a wata majami'ar 'yan Afirka a Guangzhou. Duk hutun makaranta na watan Yuli sukan kwashi yara marasa galihu zuwa wani gidan gona a Huadu, su yi mako guda. Yawancin yaran uwa 'yar China ce, uban ɗan Afirka ne da takardunsa suka ƙare aka mayar da shi gida.

"Yaya Ladi, hannunki muke so, kuma kyauta," in ji ta.

"Ni Musulma, me zan yi a taron coci?"

"Da wannan muryar taki wa zai sa ki waƙa? Kitso za ki yi."

Haka na bi su Huadu. Tsarin wurin shi ne Rifkatu a sama, sai malamai masu kula da rukunin yara, sai mu masu taimako: girki, wanki, kitso. Tun ranar farko na lura da wata yarinya, Lili, 'yar kamar shekara tara, da hular ulu a cikin wannan zafin. Rifkatu ta ce uwarta tana ɗinkin jaka a garin Shiling, kuma ta gaji da kukan taje kai kowace safiya da tsokanar 'yan makaranta. Ta yanke shawara in ta zo ɗaukarta ranar Asabar, wurin aski za su wuce, a kwashe gashin duka.

Na yi abin da na saba yi a gida: na kai hannu na fizge hular. Yarinyar ta kurma ihu ta shige ƙarƙashin gado. Rifkatu ta ja ni gefe. "Yaya, nan ba Fagge ba ne. Kada ki sake taɓa ta sai ta zo da ƙafarta." Na girme ta, amma gaskiya ta faɗa.

Na ci gaba da yi wa sauran kitso, Lili tana kewaye ni daga nesa. Ranar Alhamis ina ɗakin mata na cire ɗankwali na tsefe kaina, furfurar ta miƙe tsaye cirko-cirko. Ina ɗagowa sai ga ta a bakin ƙofa, ta saki baki. Ashe ba ta taɓa ganin babbar mace da gashi irin nata a tsefe ba. Matanmu a titi ko ɗankwali ko gashin kanti. Na miƙa mata mataji, na sunkuyar da kai.

Ta ja da ƙarfi. Na ce, "Wayyo, za ki kashe tsohuwa!" Ba ta ji Hausar ba, amma ta fashe da dariya. Na nuna mata ruwa, na nuna mata man kaɗanya, na nuna a fara daga bakin gashi a gangara zuwa tushe. Da matajin ya wuce sumul, sai ta tsaya. Ta cire hular da kanta ta zauna a gabana. Gashin ya dunƙule kamar soso. Da yatsu na warware shi, ban taɓa almakashi ba, na yi mata shuku.

Ranar Asabar uwar ta zo, ta daɗe tana shafa kan. Rifkatu ta fassara mini maganarta: "Ya yi kyau. In ya warware fa? Mu koma kuka?" Askin yana nan ke nan. Sai na zauna a ƙasa na sake cire ɗankwali, na ba uwar kaina. Lili ta tsaya a kanta kamar laoban, mai shago, tana ba da umarni: ruwa tukuna! Layin farko ya karkace, na biyu ma haka. Amma hannun da ke ɗinka jaka ba ya daɗewa bai gane ba. Kafin motarsu ta tashi, uwar ta yi layi miƙaƙƙe. Ba a je wurin aski ba. Lili ta ajiye mini hular a cinya ta ruga mota, shukunta a waje kowa yana gani.

Na tsufa ina cewa mutane su sunkuyar da kai, sai a Huadu na koyi fara sunkuyar da nawa. In uwa ta shigo shagon nan da yarinya mai hula, kada wadda ta kai hannu. Ku kira ni, ɗankwalina ba ya wuyar cirewa.