Rabin Hular Kaka

A gidanmu na Omdurman, farkon mulkin soja, wutar lantarki ba ta cika zama ba. Da an idar da sallar magariba sai Kaka ta jawo murhun gawayi, ta ɗora gahawa, ta ɗauko hular da take yi wa aiki. Mu jikoki mu kewaye ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta yarinyar da kogi ya ɗauke wa ƙane. Uwar ruwa ta ce ba za ta sake shi ba sai an yi mata aikin allura a zane mai faɗin kogin. Yarinya ta dubi zane ta fashe da kuka. Sai wata tsohuwa ta kifa faifai a kansa, ta zagaye da gawayi, ta ce, "Iya nan ne aikinki na yau." Faifai bayan faifai, har ta karɓo ƙanenta.

Haka Kaka take ɗinkin adon hularta, gida-gida, kowane gida da wanda yake bi masa.

"Matso nan, 'yar boko, in nuna miki inda ake farawa."

Sai in amsa da Larabci cewa ba na so. A makaranta ana yi wa jikokin masu ɗinkin hula dariya.

"To, uwar Larabawa. Idona dai ba zai jira ki ba."

Bai jira ba. Ta rasu ta bar hula rabi, allura soke a jiki. Allah ya jiƙanta.

Yanzu 'yata Amna tana karatun zane a Khartoum. Ran nan ta nuna mini wata manhaja a kwamfutarta: a ba ta aiki mai sarƙaƙiya, ta rarraba shi ƙanana, ta nuna wanda za a fara da wanda zai jira. Na ce, "Ai faifan Kaka ne!"

Amna ta ɗauki hoton hular Kaka, wai mu ƙarasa ta. Manhajar ta ware gidajen tsaf, har da wani ɗan ado mai kama da tsani da ban taɓa lura da shi ba. Da ta iso inda allurar ta tsaya, sai fili.

"Umma, ita rabawa kawai ta iya. Wane gida ne yake biyo wannan?"

Na daɗe ina kallon filin nan. Bai wuce faɗin tafin hannuna ba, bai ma kai faifai guda ba.

Na ce, "Ban sani ba, Amna. An kira ni, ban matso ba."