Sunan Da Bakina Bai Taɓa Faɗa Ba

Bana shekara bakwai ke nan da aka fitar da Dakta daga gidanmu na Barking aka kai ta inda kowa zai je. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni na haife ta, ita ce ta fari. Waɗanda suka zauna a Landan cikin masu karanta wannan shafi sun san ta, sun san sunanta. Ku riƙe shi a bakinku, ba za ku ji shi daga nawa ba. Ban yi boko ba. Ina zaune ne ina faɗa, autata Hadiza tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don tun kafin a haifi malamanta nake tara mata a tsakar gida a Rano, in ba su labari har tuwo ya huce a kwano ba wadda ta lura.

Dakta ta daɗe tana koyarwa a wata jami'a a nan garin, a sashen da suke kira nazarin mata da jinsi. Ranar da ta fara gaya mini aikin nata na yi dariya har na ƙware. Na ce, ke, mata kuma sai an je jami'a ake karanta su? Ga mu nan zube a gida, ba ko tikiti. Ta ce, "Inna, ai shi ya sa nake zuwa wurinku."

Kuma tana zuwa. Ranar Asabar za ta ɗauki 'yar na'urarta ta ɗaukar magana ta tafi Deptford, shagon aminiyata Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi mai sayar da kifi banda da manja. Za ta zauna kan buhun gari tana taya ta yanka kuɓewa, mata na shigowa suna hira, sai an yi wata guda kafin ta kunna na'urar. Tana son ta ji yadda mace ke yin jego a flat hawa na tara, babu murhu babu ganyen darbejiya. Tana son ta ji wa ke wanke mace in ta mutu a ƙasar da ba ta da kowa. Duk gidan da ta shiga takalminta yana bakin ƙofa, kuma ba ta taɓa tashi ta bar abincin mutane a faranti ba. Abokan aikinta kuwa takarda suke aiko wa mata, mai akwatuna a jere, wai ki sa alama in mijinki na danne ki sosai, ko kaɗan-kaɗan, ko ba ki sani ba.

Shekara biyar bayan rasuwarta shugabar sashen ta ce za ta zo ta ji tarihin Dakta daga bakina. Baturiya ce, Farfesa, mai manyan 'yan kunne na ƙwarya da ta sayo a wata ƙasar Afirka, tana tafe suna kaɗawa kamar an rataya wa akuya ƙararrawa. Ta zo da tafinta, Dakta Rabi, haifaffiyar birnin Kano, wadda marigayiya ta riƙe wa hannu har ta sami aiki a wurin. Na dafa musu shinkafa da miyar taushe. Farfesa ta ci cokali biyu ta ce abin mamaki ne, ta ture.

Suka yi tambaya, na ba su amsa. Gaskiya ne da aka yaye ta kin bayar da ita? Gaskiya ne, ƙanwar mai gidana Lami ta tafi da ita Zariya, can ta tashi. Kin je ranar da aka ba ta digiri? Ban je ba, Lami ta je. Sai Rabi ta gyara zama ta ce, "Mama, wai Farfesa na son ta yi confirming, an ce ba ki taɓa kiran sunanta ba."

Na ce, "Ban taɓa ba."

"Wai me ya sa?"

Na ce, "Rabi, ke ce za ki tambaye ni me ya sa? Ba ke ce ta fari a gidanku ba? Buga wa uwarki waya ki ce ta kira ki."

Ta yi 'yar dariya ta juya ta faɗa wa Baturiyar kalma uku ko huɗu. Farfesa ta langaɓe kai, ta dafa mini gwiwa, idonta ya kawo ruwa. Na ɗauka tausayin rashin da na yi take ji. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bara suka shirya taron tunawa da ita. Ni da Memuna da Hadiza muka hau jirgin ƙasa na layin District, na sha ɗaurina mai tsini, na sa leshin da Dakta ta fi so. Jikata Safiya, 'yar marigayiya tilo, haihuwar nan garin, ta zo daga Abbey Wood ita da mijinta. A bakin zauren aka miƙa wa kowa wani ɗan littafi mai hoton Dakta. Na karɓi nawa na rungume shi a ƙirji. Na ga mutane suna karantawa suna ɗagowa suna satar kallona, na ce a raina leshin ne. Ashe zagina na runguma, ina ta yi wa jama'a murmushi da shi.

Farfesa ta yi dogon jawabi, sannan ta ce kowa ya miƙe a kira sunan marigayiya da ƙarfi, wai don kada tarihi ya shafe mata. Suka kira, zauren ya ɗauka. Sai ta sauko da kanta ta kawo mini abin magana har bakina, Rabi na gefe tana raɗa mini, "Mama, ki daure ki faɗa sau ɗaya, kowa ke yake jira." Masu ɗaukar hoto suka matso.

Na ce, "Allah ya jiƙan yarinyar nan." Na zauna.

Memuna ta jawo ni ta ce da Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji, "Hajiya, wannan Bature da kunne mai ƙwarya, shi bai san komai ba. Amma wancan Rabi, shi ya sani."

A jirgi muna komowa Hadiza ta karanta mini littafin, tana yi tana tsayawa. Farfesa ta rubuta cewa Dakta ta zama abin da ta zama ne duk da uwar da ta ƙi ta. Uwar da ta jefar da ita tana shekara biyu, ta ƙi zuwa bikin digirinta, ta ƙi ko kiran sunanta har kabari, saboda al'adar da ba ta ɗauki 'ya mace a bakin komai ba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a abin da suka ce na yi. Da gaskiya zalla suka gina ƙaryar, kuma wannan sana'a sai wanda ya yi karatu mai zurfi.

Baturiyar ba ta dame ni ba. Baƙo ko idonsa ya kai faranti ba ya ganin gari. Ofis ɗinta na jikin na Dakta shekara da shekaru, ba ta taɓa shiga ajinta ta zauna ta ji me take koyarwa ba, ga shi ta tashi rubuta tarihinta. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Rabi ta san kunyar ɗan fari kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta san da namiji na haifa ma haka zan yi. Ta san a wurinmu uwa tana ɓoye son ɗan fari ne don ya fi ƙarfin a baje shi a kasuwa. Ta yi shiru saboda labarin muguwar uwa daga Afirka ya fi daɗin ji a zauren nan, kuma da irinsa ake hawa kujera. Abin da na lura da shi ke nan a masu nazarin nan: sun riga sun rubuta amsa tun a ofis, mace kawai suke nema da za su rataya wa.

Ba su tambaye ni dambun naman da nake aikawa Zariya duk sallah ba, ina cewa na Lami ne, alhali Lami ba ta cin nama saboda haƙori. Ba su tambayi wainar da na raba wa unguwa ranar digirin ba, ana ce mini ta mece ce, ina cewa gero ne ya yi mini yawa. Shekara biyu na ƙarshe da ciwo ya kwantar da ita ni ke juya ta, ni ke mata wanka, a kan cinyata ta cika da hantsi. Dab da cikawarta na ce, "Ke, sannu." Ta ce, "Na'am, Inna." Ta san wa ake kira. Shekara hamsin tana amsa "ke" ɗin nan, ba ta taɓa waiwayawa ta ga ko da wata nake ba.

Da abin ya tsaya a takarda da na bar su da takardarsu. Amma kwana biyu bayan taron Safiya ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Tana jin Hausa, da Turanci take amsawa, Hadiza ta tsaya a tsakani. Safiya ta ce, Kaka, abin da aka rubuta gaskiya ne? Na ce gaskiya ne, amma zauna ki ji. Ta ce ta ji abin da za ta ji a zauren, a gaban mutane ɗari an roƙe ni kalma ɗaya na hana uwarta. Ta juya ta tafi. Ita kaɗai Dakta ta bar mini, ga ta da ƙaramin ciki a lokacin. Wata bakwai ba ta taka Barking ba, in na sa an buga mata waya sai a ce tana busy.

A watannin nan na sha tambayar kaina me Dakta za ta ce da tana nan. Na san za ta fara da dariya, irin wadda take yi tana riƙe ciki. Ta taɓa dawowa daga aiki ta ce mini, "Inna, yau na ba ɗalibai labarinki. Na ce musu uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, suka yi ta tausaya mini. Sai da suka gama na ce, to yau darasinmu shi ne yadda za ku daina tausaya wa mace kafin ku tambaye ta." Wannan darasin kowace shekara take bayar da shi, bango ɗaya tsakaninta da Farfesa. Yau an sa sunanta a ƙofar wani ɗaki a sashen, an ce mini har da furanni a ƙasa. Ɗakin ya samu suna, darasin ya bi mai shi. In ta leƙo ta ga masu zama a ciki, ina jin za ta tambaye su yaushe rabonsu da su cire takalmi a ƙofar wata.

Wata uku da suka wuce Safiya ta haihu, mace. Aka mayar wa jaririyar sunan marigayiya. Ba a kira ni ba, amma kaka ba a gayyatarta jego. Na ɗaure kanwata da gerona da tawul, na hau jirgi na sauka Abbey Wood. Mijinta ya buɗe mini ƙofa yana sunkuyar da kai. Na dafa ruwa a butar lantarki sau shida kafin baho ya cika, na yi wa Safiya wanka, na dama kunun kanwa. Tana karɓa tana sha tana kau da kai.

Sai na fara lura da wani abu. Mijin yana kiran jaririyar da sunanta baki cike. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba mai jego ita ma tana kira. Safiya kuwa sai "baby". Miƙo baby, baby ta tashi. Ran nan ma'aikaciyar ta tambaye ta sunan don ta rubuta, na ga ta buɗe baki, ta rufe, ta kalli mijinta, shi ya faɗa.

Da safe ina shafa wa jaririyar man kaɗanya na ce, "Ke, 'yar nan taki ba ta da suna ne?"

Safiya ta shafa ƙafar yarinyar. Sannan ta ce, da Hausa, irin tata mai tuntuɓe, "Kaka, ba ya fita."

Na ce, "To. Ki ce mata Ummi."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ban ce ta gane komai ba, nata nauyin sunan uwa ne, nawa na 'yar fari, ba ɗaya ba ne. Amma duk Lahadi yanzu tana Barking, kuma ta fara tambayata yadda uwarta take tana yarinya, tana barina in kai ƙarshen magana.

Hadiza ta ce mu rubuta wa jami'ar su gyara littafin. Na ce a bar musu. Wanda bai ji ni ina gabansa da tafinta ba, ba wasiƙa ce za ta buɗe masa kunne ba. Suna da sunanta a bango, a ƙofa, a takarda, suna kiransa duk shekara da lasifika. Mu kuma mata biyu ne, tsohuwa da mai jego, da suna ɗaya da ya yi mana nauyi a baki. Wanda ya san Dakta ya faɗa mini a wane gidan take.