Fankar Ɗakin Kaka

Ko na manta komai na zamanmu a unguwar Nuzla, shekarar da na ja wa Kaka sanyi ba za ta fita a raina ba.

Lokacin na fara aiki a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, kuma ba abin da ke burge ni irin harkar wayar wuta. Ba wanda ya koya min, duk abin da ya mutu sai na kwance shi na ga cikinsa. Mukayyif ɗaya ne a gidan kaf, wato na'urar sanyin da Baba ya kafa a falo. Ɗakin Kaka kuwa can ƙurya yake, ba taga, kullum tana riƙe da mafici.

Na ce wallahi sai na kai mata iska. Na naɗe kwano na yi bututu daga falo zuwa ɗakinta, na fasa bango, na cusa 'yar fanka a tsakiya. Dabarar da na fi ji da ita, wayar fankar na haɗa da ta injin da ke hura iska a cikin mukayyif ɗin. Ana kunna shi ta tashi, ana kashewa ta tsaya. Duk bayan na taso daga aiki nake yi, ga gumi, ga yunwa, kwano ya yayyanka min yatsu.

Baba ya leƙo ya ce, "Kai dai ka bi min mukayyif a hankali, shi ke nan gare mu."

Ranar da na gama, Kaka ta tara hannu a bakin bututun ta ce, "Masha Allah, maigida! Ashe dai kana da amfani." Na yi ta yawo ina ba abokai labari har suka gaji da ni.

Wata Juma'a bayan masallaci, falo cike da baƙi, sai ƙaurin roba. Kafin in miƙe hayaƙi ya taso, mukayyif ya yi tsit. Na ruga ɗakin Kaka, na tarar da matashin kai a cushe a bakin bututun, an ƙara da tsohon zane. Fanka ta rasa inda za ta kai iska, ta yi zafi ta ƙone, ta ja injin mukayyif ɗin suka tafi tare.

Na ce, "Kaka, wa ya toshe nan?"

"Ni mana. Sanyin nan ƙashi yake shiga, gwiwoyina ba sa barina barci."

"To me ya hana ki faɗa min?"

"Na ga yatsunka duk jini, sannan in ce ba na so? Halas, shi ke nan, sai na toshe abina."

Na zauna daɓas a ƙasa. Sauran zafin nan haka gidan gaba ɗaya ya gasu kafin a samo wani injin, ƙannena duk ƙuraje, Baba ko faɗa bai yi ba, sai ajiyar zuciya.

Har yau ina son waya. Amma na gane tsofaffinmu ba sa cewa ba sa so, albarka za su sa maka. Kafin ka fasa bango don wani, zauna ka tambaye shi tukuna.