Jamusanci a Rumfar Tela

Shekarun baya, lokacin Nasara ba su daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Konni ba, ni da ƙanena muka bi ayari zuwa Garwa, a ƙasar da Jamus ke riƙe da ita a wancan zamani. Fata muka je saye. Ni na samu aiki wurin wani Bajamushe mai awon fata, shi kuwa ƙanena ya ga kakin soja ya ce shi ma sai ya sa. Na yi lallashi, na yi faɗa, bai ji ba. Da yaƙi ya tashi tsakanin Jamus da Ingilishi, na kwashe 'yan komatsaina na gudo gida Illela. Shi ya bi rundunarsu suka yi kudu. Daga nan shiru.

Shekara ta bi shekara. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa laifina ne ba, amma duk ranar da ayari ya sauka sai ta yafa mayafinta ta je masaukin fatake tana tambaya. Ta dawo ta zauna, ta ci gaba da kaɗin zarenta. Wannan shirun nata ya fi mini zagi zafi.

Ana nan sai wani dattijo ya sauka a garinmu da keken ɗinki, ya kafa rumfa a gefen kasuwa. Bahaushe ne, amma haihuwar ƙasar Togo, kuma an ce ya daɗe yana yi wa Jamus tafinta. Da na ji haka na kai masa riga gyara, alhali rigar lafiyarta ƙalau. Na tsaya a kansa na saki Jamusancina da ƙarfi don in burge shi. Ya tsayar da keken, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Ka san abin da ka ce mini yanzu?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Malam."

"Cewa ka yi in zo nan da sauri, ni jaki."

Gaskiyarsa. Shekara huɗu na yi da Bajamushen nan, amma duk abin da ya zauna mini a kunne umarni ne da tsawa: zo, tafi, ɗauko, ajiye, yi sauri. Na iya ƙirga, na san sunan fatar akuya da ta tunkiya, amma ban iya roƙo ba, ban iya ba da labari ba.

Na zauna na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce akwai wani likitan soja da ya sani, wanda ya bi rundunar nan har ƙarshe, yana kuma da adireshinsa a ƙasar Jamus. Na ce to ya taimaka ya rubuta mini takarda yau ɗin nan. Ya girgiza kai.

"In ni na tsara, za ta yi kyau, amma maganar akawu za ta zama, irinta dubu ya gani. Kai za ka faɗa da bakinka, ni in rubuta. Sai ya ji cewa wan mutum ne ke nemansa."

Haka na zama ɗalibi da furfura a gemu. Litinin da Alhamis, bayan la'asar, ake shimfiɗa tabarma a bayan rumfa. Mu uku ne: ni, da wani mutumin Tozai da ya yi wa Jamus dako, da wani tsohon kuku da ke hawo jakinsa daga Konni. Babu allo, babu littafi, hira ce zalla. Doka ɗaya ce: muddin ƙafarka na kan tabarma, ba Hausa. Wanda ya yi suɓul da baka, goro guda. Ni na riƙe bakin ajin nan da goro tsawon damina guda.

Malam yakan ɗauko magana daga abin da ke gabanmu. Yau ka ba da labarin yadda ka kwana, gobe ka yi cinikin tunkiya da kuku, jibi ka ba mutumin Tozai haƙuri kan jakinka ya ci masa gero. Yana ji yana taka kekensa, don ƙarar ta rufe muryoyinmu, saboda a lokacin ba a son a ji harshen Jamus a ƙasar Ingilishi. In ka yi kuskure ba ya tsawa, sai dai keken ya tsaya cak. Har yau in na ji keken ɗinki ya tsaya ba zato, sai na ji kamar na yi ɓaranɓarama.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne su mutanen nan ba namiji da mace kaɗai suke da shi a magana ba, akwai na uku. Ranar da Malam ya ce a wurinsu yarinya ba ta cikin mata, kuku ya sauke ƙafa daga tabarma don ya samu damar Hausa, ya ce, "Shi ya sa aka ci su da yaƙi."

Amma a hankali bakina ya buɗe. Na koyi cewa "da na sani", na koyi "ina roƙonka". Wata rana aka ce kowa ya siffanta wani nasa. Na fara da ƙanena: dogo, mai tabo a girar hagu inda jaki ya taɓa harbinsa, mai in'ina in ya yi fushi, ba ya cin kuɓewa. Ina cikin faɗa na lura ban tsaya neman kalma ba ko sau ɗaya. Malam ya jawo takarda da alƙalami ya ce, "Maimaita. Yau ce ranar."

Wani falke ya kai mana ita gidan waya a Sakkwato. Muka ci gaba da zama a tabarma. Aka yi girbi, aka yi rani, ruwa ya sake sauka.

Ranar wata Alhamis na iso na tarar keken a rufe da zane, Malam na riƙe da ambulan. Ya ce bari ya duba tukuna ya gaya mini da Hausa. Na hau tabarma na zauna, na ce masa da Jamusanci ya karanta yadda take.

Ya karanta a hankali. Likitan ya ce ya tuna mai tabo a gira. Ya ce an tsare su a wani tsibiri a tsakiyar teku bayan yaƙi. Jamusawa kuwa suna da wata ɗabi'a, sai su ajiye kalmar da ke faɗin abin da aka yi can ƙarshen magana, ka yi ta jira kafin ka san me ya faru. Na ji sunan ƙanena, na ji "a shekara ta biyu", na ji "da zazzaɓi", na ji "a hannuna". Sai Malam ya tsaya da karatun. Kalma ɗaya ta rage, kuma na santa. Ni na faɗe ta: ya rasu.

Mahaifiyata na tsakar gida da mazarinta. Na durƙusa na gaya mata komai, har da cewa likitan ya rubuta 'yan'uwansa Musulmi ne suka yi masa wanka da salla. Ta yi salati. Can ta ce, "Kai da kunnenka kaj jiya, ko hwaɗa maka anka yi?"

Na ce, "Da kunnena, Inna."

Ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Yanzu na san inda zan aika addu'a."

Ba ta ƙara zuwa masaukin fatake ba.

Ban daina zuwa rumfa ba, ko da yake ba ni da sauran takardar aikawa. Muka yi shekara biyu muna hirarmu, har Malam ya ce ƙasarsu ta kira shi, ya ɗaure kekensa a bayan raƙumi. Kuku ya rasu, mutumin Tozai ya koma gonarsa, ya ce ya manta komai sai ƙirga.

Mutane sun sha tambayata mene ne ribar koyon harshen waɗanda suka riga suka tafi. Nakan ce ban sani ba. Abin da na sani, da wani ne ya fassara mini takardar nan, da har gobe ina zargin ko ya rage wani abu, ko ya yi kuskure, ko wani mai tabon ne daban. Jin da na yi da kaina shi ya ba mu damar yin makoki.

Jamusancin yanzu yana zubewa kamar tsohuwar katanga, yau kalma gobe kalma. Wani lokaci ina zaune a zaure sai wata ta faɗo mini a baki, lafiyayya, ba ko lam'a. In juya hagu, in juya dama, duk garin nan babu wanda zan miƙa wa ita.